Ƙaho Biyu a Sunan Malam Idi

Shekaranjiya ɗayanku, ku yaran shagon nan, ya tsaya a bayana ina gyara filash ɗin wata malamar makaranta. Da ya ga na buɗe baƙin allo ina rubuta wa injin umarni, sai ya yi dariya ya ce wai Baba Sanusi har yanzu a zamanin da yake, abin da za a danna da maus a wuce. Ban tanka masa ba, don akwai mai aiki a zaune. Yau da babu kowa, ku ja benci ku zauna in ba ku amsa, kuma kada wanda ya taɓa waya sai na gama.

Ni da tafireta na fara. A gindin wata bishiyar maina nake zama a bakin sakatariyar Sandamu, ina buga wa mutane takardun koke da na neman aiki. Da na ga kwamfuta ta fara shigowa ofis-ofis, na san tafireta ta gama yayi, sai na tattara na tafi Katsina wurin wani mutum ana ce masa Malam Tukur, na yi shekara biyu a hannunsa. Mutum ne gajere mai faɗa, amma ya san injin nan ciki da bai. Ranar da na fara, ya cire maus ya jefa a durowa ya kulle, ya ce sai bayan wata uku zan sake ganinsa. Wanda duk ya fara da maus, in ji shi, ranar da injin ya yi taurin kai zai tsaya yana kallonsa ne kawai.

Aikin farko da ya ba ni shi ne in buɗe wa kowane gari na ƙasarmu folda a baƙin allo. Umarnin ba wuya, ka rubuta md, ka bar sarari, ka rubuta sunan, ka danna enta. Na yi Daura, na yi Sandamu, na yi Mashi, ina ta jin kaina. Na zo na rubuta md Babban Mutum. Da na duba, sai ga folda biyu, ɗaya Babban, ɗaya Mutum. Malam Tukur ya leƙo ya ce, "Wa ya ba ka izinin raba gari biyu? Hakimi ne kai?"

A nan ya zaunar da ni ya yi min bayanin da har yau shi nake ci da shi. Ya ce injin nan ba ya jin magana yadda mutum yake ji. Kai in ka ga sarari tsakanin kalma da kalma, ka san numfashi ne kawai, sunan bai ƙare ba. Shi kuwa a wurinsa, duk inda ya ga sarari, to abu ɗaya ya ƙare, wani ya fara. In kana so ya ɗauki dogon suna a matsayin abu guda, sai ka rufe shi gaba da baya da alamar zancen wani, 'yan sandunan nan biyu-biyu da ke sama. Ya karɓi kibod ya rubuta md "Babban Mutum", gari ya koma ɗaya. Sannan ya kafa min doka uku. Sunan da ni zan raɗa, kada in sa masa sarari. Sunan da wani ya raɗa, in rufe shi da alamar ko da ina ganin ba ya bukata. Kuma kafin in goge komai, in fara rubuta dir da sunan in ga abin da injin zai nuno min, in na gamsu shi ne, sannan in goge.

Na dawo Daura na buɗe shagon nan ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba. Kayan aikina a lokacin ba su da yawa: kwamfuta ɗaya 'yar gwanjo mai allo kamar akwatin talabijin, rediyo mai cin kaset, igiyar da ke haɗa su, da ƙaramin janareto mai hayaƙi da maƙwabta suka tsana. Lokaci ne da mutane suka koma neman wa'azi da karatu, kowa yana so a juye masa kaset ɗin malaminsa a sidi. Daga baya filash ya zo, bairos ya biyo shi. Sai ka ga ma'aikaci ya shigo gumi na zuba, wai duk takardun ofis sun ɓace. Ba ɓacewa suka yi ba, bairos ne ya ɓoye su, kuma maus ba ya iya komai a kai. Ni kuwa layi ɗaya zan rubuta a baƙin allo su fito reras. Akwai wanda ya rantse min wai aljanu nake da su.

A wannan aiki ne na gane mutanenmu ba sa gajarta suna. Malam Tukur ya koya min sunaye gajeru, amma je ka duba filash ɗin Badauri. Za ka ga folda sunanta Hotunan sunan ɗan autan Hajiya Babba. Wata kuma Takardun gonar bayan gari kada wanda ya taɓa. Idan na babban mutum ne, sai an jero Alhaji da Malam da sarautarsa da garinsu. Kowane suna sarari huɗu ko biyar. Ban taɓa yin kuskure a kansu ba, shekara da shekaru, har hannuna ya saba, ina rubutu ina hira ba na ko kallon allo. To, sabon nan shi ya kai ni ƙasa.

Wata ranar Litinin, washegarin kasuwar Mai'aduwa, wani falken shanu ya shigo da buhun taki a kafaɗa. Sunansa Alhaji Haruna, mutumin Babban Mutum, dogo, ba ya son yawan magana. Ya zazzage buhun a kan tebur, kaset ne fiye da arba'in. Ya ce karatun mahaifinsa ne, Malam Idi, wanda ya rasu bara. Malam ya yi shekaru yana karantar da magidanta a zaurensa bayan sallar asuba, wani ɗalibinsa yana ɗauka a rediyo. An ajiye kaset ɗin a ɗakin da ke yoyo, damina ta shige su. Mahaifiyarsa, Hajiya Inna, idonta ya fara tafiya, kuma ba abin da take roƙonsa sai a sama mata muryar Malam ta riƙa ji.

Ya zaro guda ɗaya daga aljihun gaba, daban ya ajiye shi, a naɗe cikin hankici. Ya ce wannan shi ne zama na ƙarshe, kwana kaɗan kafin Malam ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Shi ranar yana can cikin Nijar wurin saye, bai ji ba. Hajiya kuma tana cikin gida, mata ba sa zama a zaure. Tun rasuwar ba wanda ya yi ƙarfin halin saka shi a rediyo, ana tsoron kada ya tsinke.

Na duba su ɗaya bayan ɗaya, na gaya masa gaskiya. Zaren ya manne, wani ya yi fumfuna. Zan iya lallaɓa su su yi juyi ɗaya, amma bayan wannan juyin yawancinsu sun gama aiki, abin da ya shiga kwamfuta shi kenan abin da ya rage. Ya ce ya yarda.

Ku da kuke tura karatun awa goma a waya kafin a haɗa shayi, ba ku san aikin kaset ba. Sai ka kwance shi da ƙaramin sukundireba, ka warware zaren da biro a hankali, inda ya tsinke ka haɗa da janfarce, ka goge kan rediyo da auduga. Sannan ka saka, ka zauna ka ji shi daga farko har ƙarshe, don ba a yi masa gaggawa. Wata biyu na yi a kai. Na saba da muryar Malam Idi har na san inda zai yi tari, na san lokacin da zai ce wa wani Malam Audu ya daina gyangyaɗi. Duk wanda na gama sai in zuba shi a folda ɗaya, wadda na raɗa wa suna yadda aka koya min, kalma ɗaya ba sarari: Malam.

Na hankicin shi na bari ƙarshe. Ya yi juyinsa ɗaya lafiya, yana kaiwa ƙarshe zaren ya zube kamar garin gawayi, ko haɗuwa ba zai sake yi ba. Amma ya shiga. Na ji shi sau uku a ranar, don abin da ke ciki ya taɓa ni.

Da Alhaji Haruna ya zo karɓa, na ce ya zauna in kunna masa na ƙarshen. Ya ce a'a, ya yi wa Inna alkawari tare za su fara ji. Ya sunkuyo yana duba allo, sai na ga fuskarsa ta canza. Ya sa yatsa a kan foldar ya ce, "Malam? Wane malam? Malamai nawa ne a ƙasar nan?" Ya ce mahaifinsa ba a kiransa haka gatsau ko yana raye, balle yanzu. A rubuta sunansa cikakke yadda ya dace.

Ban ga laifinsa ba, ni ma da nawa uban ne haka zan ce. Na buɗe sabuwar folda na rubuta Marigayi Malam Idi Babban Mutum, na fara kwafo karatun daga tsohuwar zuwa cikinta, da nufin in bar tsohuwar a matsayin ajiya. An kwafi uku, ana cikin na huɗu aka ɗauke wuta. Na tayar da janareto, na kunna, na ga sabuwar foldar rabi da rabi. Na ce bari in share ta in sake daga farko. Na danna da maus, injin ya ƙi, wai wani abu yana riƙe da ita. Sai na buɗe baƙin allo.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai burga a ciki. Alhaji yana tsaye a bayana, na san mutane suna jin daɗin ganin yatsuna suna gudu a baƙin allon nan. Ina ba shi labarin tsadar man janareto, hannuna yana rubuta rd /s /q Marigayi Malam Idi Babban Mutum. Wato rd goge folda, /s har da duk abin da ke cikinta, /q kuma kada ka tambaye ni ko na tabbata. Ban sa alamar ba. Ban fara dubawa da dir ba. Na danna enta.

Injin ya ɗan yi jim, sannan ya jero ƙorafi, layi bisa layi, wai bai ga abin da na ce ya goge ba. Na ƙirga layukan, huɗu ne. Na ƙirga kalmomin da na rubuta, biyar. Bai ga Marigayi ba, bai ga Idi ba, bai ga Babban ba, bai ga Mutum ba. Ɗaya ce bai yi ƙorafi a kanta ba, don ita ya gan ta, kuma ya yi abin da na sa shi.

Hannuna ya riga kaina tunani. Na miƙa na fizge wayar wuta daga bango. Abin da aka goge yana nan kwance a faifan cikin injin muddin ba a rubuta wani abu a kansa ba, kuma duk daƙiƙar da injin ya ƙara a kunne, rubutu yake yi. Alhaji ya tambaye ni lafiya. Na juyo na gaya masa abin da na yi, ban ɗora wa wuta ba, ban ɗora wa bairos ba. Na nuna masa maɓallin a kibod na ce wannan ne ban danna ba, sau biyu kacal.

Ya kalli maɓallin. Ya ce, "Waɗannan 'yan ƙahon?" Na ce su. Ya tambayi kaset ɗin hankici, na nuna masa abin da ya rage a kwali. Bai zage ni ba, wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya ce kawai, "To me zan ce wa Inna?" Na ce ya ba ni mako guda.

Washegari da sassafe na kwance faifan, na naɗe shi a tsohon rawani, na hau motar Katsina ina riƙe da shi a cinya. Malam Tukur ya tsufa a lokacin, amma bakin yana nan. Na shirya shan faɗa, sai ya tambaye ni abu ɗaya, ko na sa alamar. Na ce ban sa ba. Ya ce to ba sai ya ƙara komai ba. Muka haɗa faifan a wani injin nasa, muka saka manhajar tono abin da aka goge. Kwana uku tana aiki. Karatun ya dawo, amma ba suna ko ɗaya, sai lambobi, ba ka san na farko da na ƙarshe ba. Na zauna na buɗe su ɗaya-ɗaya ina neman na hankici. Na same shi. Malam ya yi sallama, ya yi addu'ar buɗewa, ya fara magana kamar minti huɗu, daga nan sai shuuu har ƙarshe. Da yake shi ne na baya-bayan nan, a wurinsa injin ya yi rubutu kafin in kai hannu bango. Mun gwada duk dabarar da muka sani, bai dawo ba.

Shekarar nan ita ce mafi muni a sana'ata. Daura ba ta riƙe magana. Kafin in dawo daga Katsina labari ya zaga cewa Sanusi ya goge malami guda sukutum. Masu kawo aikin ofis suka koma wani wuri, masu kaset suka ɗauke ƙafa. A majalisa in na zo sai wani ya ce a ɓoye waya ga mai gogewa nan. Na yi watanni ina buga katin biki kawai. Amma wannan duk ya wuce, aiki ya dawo har ya fi da.

Ban aika wa Alhaji da sidi ba, na ce ni zan kai da kaina. Muka tafi Babban Mutum da rediyo mai cin sidi, aka yi mana shimfiɗa a ƙofar ɗakin Hajiya Inna, tana ciki bayan labule. Matsalar farko ita ce jeri, tunda sunaye sun tafi. Ashe ba matsala ba ce. Duk wanda na kunna, ba ta minti biyu sai ta faɗi lokacinsa. Wannan shekarar da aka haifi jikana Haruna ƙarami ne, ga kukansa nan. Wannan da damina ne, ba ku ji kwano yana ɗiga ba? Wannan kuma bayan ya dawo daga Makka ne, da tarin da ya zo da shi. Ba karatun take bi ba, abin da ke bayan karatun take ji, har da ƙarar turminta. Kafin la'asar mun jera su tsaf, ina rubuta wa kowanne suna.

Sai aka zo na ƙarshe. Na kunna, muryar Malam ta fito, ta yi minti huɗunta, ta nutse a cikin shuuu. Na kashe. Na ce, "Hajiya, sauran ni na ɓatar da shi da hannuna. Amma na ji shi sau uku kafin ya ɓata. In kin yarda in faɗa miki abin da ya ce."

Ta ce in faɗa. Na gaya musu ya nemi gafarar ɗalibansa, ya ce duk wanda ya taɓa yi wa tsawa ya yafe masa. Ya ce a gaya wa Haruna ya riƙe ƙannensa, kuma kada kasuwa ta hana shi jam'i. Alhaji ya sunkuyar da kai. Sannan na faɗi na ƙarshen yadda na ji shi, don na haddace. Malam ya ce: shekara talatin da wani abu kuna shan kunu a zauren nan kowace safiya, ba ku taɓa ganin mai dama shi ba. Kafin ni in tashi ta tashi, kuma ban taɓa jin ta ce ta gaji ba. Duk wanda ya ƙaru da harafi ɗaya a nan, ya sa ta a addu'a kafin ya sa ni.

Ɗaliban da suka ji wannan magana ranar, babu wanda ya kai wa Hajiya, kunya ta hana su. Can ta ce, "Haka ya ce?"

Na ce, "Haka ya ce, Hajiya. Ban ƙara ba, ban rage ba."

Sai ta ce, "Na yarda da kai, ɗan nan, Allah ya yi maka albarka. Amma da na so in ji da bakinsa."

Na yi gyaran injin da ya fi dubu tun daga ranar, na tono wa mutane abubuwan da suka fid da rai da su, kuma ban sake goge abin wani bisa kuskure ba ko sau ɗaya. Ina faɗa da ƙarfin gwiwa, a garin nan babu wanda zai nuna min baƙin allo. Amma wannan magana ta Hajiya Inna ba ni da umarnin da zan rubuta in gyara ta. Ta rasu bayan shekara uku, tana jin sidin nan kullum, kuma Alhaji ya ce min na ƙarshen ta fi sakawa, ta ji minti huɗun, ta bar shuuu ɗin yana yi har ya ƙare.

Alhaji Haruna bai daina kawo min aiki ba, kuma bai taɓa tayar da zancen ba. Sai dai har yau, in ya tsaya a bayana ya ga zan danna enta, sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Sanusi, ka sa masa ƙaho?" Ni kuma sai in ɗaga hannu daga kibod in duba, ko da na san na sa.

To, kai da ka yi dariya shekaranjiya, taso ka zauna a kujerata. Miƙo min maus ɗin nan in sa a durowa. Ga baƙin allo, buɗe min folda mai suna Babban Mutum, mu ga guda nawa za su fito.